Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Kada Ka Yi Wa Nebukadnezzar Gaggawa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu? Mu nan kowa lafiya lau, alhamdulillahi. Na karanta babin da ka turo na kundin kammala digirinka, kuma akwai gyara. Na ga gara in rubuto maka da mu tsaya ja-in-ja a waya.

Ka ce marubutan Ibraniyawa sun nuna Nebukadnezzar, sarkin Babila, wanda malamanmu na tafsiri ke kira Bukhtanasar, a matsayin azzalumi kawai. Ka yi gaggawa. Dalilin ƙinsa kam suna da shi. Ya ci Urushalima a shekarar 597 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tasa ƙeyar Sarki Yehoyakin da manyan gari zuwa Babila. Bayan shekara goma ko sha ɗaya rundunarsa ta dawo ta ƙone Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa, ƙurmus. Amma buɗe littafin Irmiya na cikin Baibul, sura ta 25, ta 27 da ta 43. A duk wuraren ukun, Ubangiji yana kiran wannan sarki bawansa. Irmiya har karkiyar shanu ya rataya a wuya yana yawo a gari, yana cewa a miƙa wuya ga Babila a tsira da rai. Wani mai suna Hananiya ya fizge ta ya karya a gaban jama'a, Irmiya ya dawo ya ce to yanzu ta ƙarfe za a ɗaura. Sai kuma a sura ta 51 ta wannan littafin dai ka tarar da sarkin ya zama dodo, ya haɗiye Urushalima ya cika tumbinsa.

Me ya sa haka? A ganina marubucin ba halin sarki yake aunawa ba. Mutanensa yake yi wa magana, mutanen da aka ci da yaƙi suna tambayar ko gumakan Babila sun fi Ubangijinsu ƙarfi ne. Amsarsa ita ce a'a, sarkin bulala ce a hannun Mai ita, kuma idan an gama horo ita ma bulalar za a karya ta.

Littafin Daniyel ka fi yi wa rowar lokaci, alhali nan ne naman yake. A can sarkin mutum ne sosai: mai saurin fushi, mai firgita da mafarki, yau ya jefa mutum uku cikin tanderu, gobe ya ɗaga musu muƙami. Ka sake karanta sura ta 4 a tsanake. Yana tafe bisa soron fadarsa yana taƙama da birnin da ya gina, maganar ba ta gama fita daga bakinsa ba hankalinsa ya gushe. Aka kore shi daga cikin mutane, yana cin ciyawa, raɓa na jiƙa shi, gashinsa ya yi tsawo, faratansa suka zama na tsuntsu. Lura da wanda aka ba bakin labarin: yawancin surar sarkin ne da kansa ke bayarwa, kamar sanarwa ga talakawansa. Wato marubucin ya sa wanda ya rushe Haikali ya yi shelar ƙasƙancinsa da harshensa, sannan bai kashe shi ba, ya mayar masa da hankali da gadon sarauta. Mai ƙiyayya zalla ba ya rubutu haka.

Akwai abin da ya kamata ka nema a ɗakin karatu. Rubuce-rubucen Babila ba su ambaci wannan hauka ba. Amma sarkin Babila na ƙarshe, Nabonidus, ya bar birnin ya tare a Taima, can cikin ƙasar Larabawa, wajen shekara goma. Kuma a cikin takardun da aka tono a kogunan dutse na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, akwai guntun wata addu'a da aka jingina masa, inda ciwo ya kwantar da shi shekara bakwai har wani Bayahude ya taimake shi. Masana da yawa na ganin labarin nasa ne tun asali, daga baya ya koma kan sarkin da sunansa ya fi amo. Ka kawo wannan a matsayin ra'ayin masana, kada ka yanke hukunci kamar kana wurin. Ka kuma ambaci allunan yumɓu na rabon abinci da aka haƙo a Babila, masu ɗauke da sunan Yehoyakin da man da ake auna masa shi da 'ya'yansa biyar.

Sannan ka kula da harshenka. Wannan littafi ne mai tsarki a wurin wasu abokan karatunka, watakila har da malaman da za su duba aikin. Kalmar “tatsuniya” da ka yi amfani da ita a shafi na biyu, cire ta. Ka faɗi abin da nassin ya ce, ka faɗi abin da allunan suka ce, ka nuna inda suka rabu, ba tare da ba'a ba.

Idan ka gyara, turo mini kafin ka kai wa malaminka. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka rage kwanan zaune. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka