Wasiƙa daga Laifzig: Abba da Baba

Assalamu alaikum, amini,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe mini da Inna.

Ka ce in faɗa maka me ya haɗa mai karatun lissafi da ƙasusuwan matattu. To, ga shi, kuma za ka yi dariya: gwajin da na kwana biyu ina fama da shi sunansa ABBA-BABA. Ranar da na fara jin sunan sai na ga kamar ana kiran 'yan unguwarmu.

Ana jera DNA, wato rubutun gadon halitta da ke jikinmu, na huɗu: Bayarabe, Bafaranshe, mutumin Neanderthal (wani tsohon jinsin ɗan Adam da ya ƙare tuntuni), da birin chimpanzee. A kowane gurbi na DNA, harafin da birin ke da shi ana kiransa A, sabon da ya sauya kuma B. In Bafaranshe ne ya yi daidai da Neanderthal, jerin ya zama ABBA. In Bayarabe ne, BABA. Da ba a taɓa auratayya da Neanderthal ba, ƙidayar biyun kunnen doki za ta yi. Amma a 2010, da ayarin Svante Pääbo na cibiyar Max Planck ta nan garin ya karanta ƙasusuwan kogon Vindija na Kuroshiya, sai Abba ya rinjayi Baba. Daga nan aka gane waɗanda kakanninsu suka fita daga Afirka suna ɗauke da kusan kashi 2 cikin 100 na gadon Neanderthal. Pääbo ya samu kyautar Nobel a 2022.

Ƙidayar ba ita ce wahalar ba. Haruffan da ke maƙwabtaka tare ake gadonsu, ba za ka ɗauke su shaidu daban-daban ba, kamar ka tambayi 'yan gida ɗaya labari ɗaya. Sai a yanka DNA gunduwa-gunduwa, a cire ɗaya a sake lissafi, a mayar, a cire wata, har a ga ko rinjayen na gaske ne. Ga kuma tsufa: a bakin guntayen tsohon DNA, harafin C yakan rikiɗe ya fito T.

Zafi yana cinye DNA, shi ya sa namu na Afirka ya yi ƙaranci. Duk da haka a 2020 an karanta na yara huɗu daga Shum Laka a Kamaru, wasunsu shekara kusan 8,000.

Sanyi ya fara a nan. In ka samu mai tahowa, yaji da kuka nake roƙo.

Naka har kullum.