Bashin Karatu: A Yi Wa Iyaye Bayani Dalla-Dalla

Ya Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan bashin karatu na NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗaliban manyan makarantu rance, da aka fara a 2024. Asusun yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 duk wata, ba kuɗin ruwa. Madalla.

Sai dai a unguwarmu iyaye da yawa sun ɗauka kyauta ce. Wata maƙwabciyata har guɗa ta rangaɗa. Alhali bashi ne, shekara 2 bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ita kuwa dubu 20, in an fitar da kuɗin mota da hayar ɗaki, me ya rage na cefane?

Shawarata, makarantu su tara iyaye su yi musu wannan lissafi da Hausa kafin yaro ya cike fom.

Wani uba,
Tudun Wada, Kaduna