A bar mai makoki ya yi kukansa

Malam Edita,

Ni Kirista ce daga Tawa. Makon jiya muka binne ɗan maƙwabciyata. Uwar na kan tabarma tana kuka, sai wani dattijon ikkilisiya ya ce ta share hawaye, wai kuka rashin biyayya ne ga nufin Ubangiji.

Baba, da girmanka, ban yarda ba. Gaskiya ne sujada na son natsuwa, kuma wahala ba hujjar yi wa Allah gunaguni ba ce. Amma Yesu kansa ya yi hawaye da Li'azaru ya mutu, Ayuba kuma sai da ya yage rigarsa kafin ya yi sujada. Da aka ƙona majami'u a Yamai da Damagaram a Janairun 2015, mun yafe, amma mun sha kuka.

Don Allah fastocinmu su ja hankalin dattawa kafin wata jana'izar.

Wata mai karatu, Tawa