Barka da Sallah daga inda alƙibla take arewa

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallar layya, Allah ya maimaita mana. Lafiyata lau, kada Inna ta sa damuwa. Sanyi ne kawai. Nan Afirka ta Kudu watan Yuni tsakiyar hunturu ne, ku kuwa a Tahoua idonku na sama kuna jiran ruwan shuka.

Baba, yau a Idi arewa muka fuskanta, aka ɗan karkata gabas. Har yanzu jikina bai saba ba.

Karatun tuƙin jirgin sama na tafiya. Malaminmu kan rufe GPS, na'urar da ke nuna hanya, ya bar ni da taswira da agogo da allurar nan mai nuna arewa. Ita ma a ƙasar nan takan kauce wa arewar taswira da kusan digiri 20, sai ka gyara da lissafi. Ga iska tana tura jirgi gefe kamar yadda kogin Yamai ke jan kwalekwale. Kuskuren digiri 1 a tafiyar mil 60 zai jefa ka mil guda daga hanya, mita 1852 ke nan a ma'aunin matuƙa jirgi. Makon jiya na nemi wani gari na rasa, sai da na bi layin dogo. Na tuna Kaka da raƙumansa, shi da taurari suka ishe shi. Daren jiya na auna Yamai zuwa Tahoua, kusan mil 200 ne, awa biyu a ƙaramin jirginmu. Na daɗe ban naɗe taswirar ba.

Na san yanzu an baje raguna a kan itace, an jingina su kewaye da wuta, kitse na ɗiga, hayaƙi ya rufe unguwa. Inna na suyar kayan ciki, yara na shawagi bakin murhu, ba mai taɓa ragon sai gobe. Nan kuwa naman kanti muka gasa bisa waya, kafin awa guda an watse. Ko ƙamshi bai kama rigata ba.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Liman, da maƙwabta. Gwaggo kuwa, a je har ɗakinta a ce mata huran da ta dama mini ranar tafiya har yanzu ina jin ta a bakina, kuma ta riƙa shan maganin ƙafarta. Auta, goron sallarka yana wurin Yaya. Inna, a soya mini kasona a ajiye cikin mai, zai kai Disamba.

Ɗanku.