Harajin katakon Kanada na cutar da masu neman gida a Amurka

Ranka ya daɗe Edita,

Don Allah ka ba ni fili in yi magana kan katako a Amurka, inda nake aikin kafinta. A nan da katako ake tsayar da yawancin gidaje, shi ya sa farashinsa ke nuna lafiyar kasuwar gini. A watan Mayun 2021, lokacin da ake rububin gini, farashin ƙafa dubu na katako, wato ma'aunin da ake sayar da shi a nan, ya haura dala 1,600. Da aka ɗaga kuɗin ruwa a 2022 sai ya faɗo ƙasa da rabin haka, domin masu sayen gida sun ja baya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haraji. Kusan rubu'in katakon gini daga Kanada yake zuwa, amma a 2025 gwamnati ta ɗaga harajinsa zuwa kusan kashi 35 cikin 100, ta kuma ɗora wani kashi 10 a kai. Da idona na ga maigidanmu ya soke ɗaki guda daga zanen wani gida don kuɗin su kai. Matashi mai neman gidansa na farko shi ke biya, mu kuma kwanakin aikinmu sai raguwa suke yi.

Naka mai karatu,
Wani kafinta daga Ohayo, Amurka