Albashi kaɗai ba ya riƙe ma'aikaci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da masu masana'antu, musamman na Sharada, Bompai da Challawa a nan Kano. Kullum kukansu shi ne yaran yanzu ba su san darajar aiki ba: ka sha wahala ka koya wa yaro sarrafa inji, kafin ka ankara ya ajiye ya koma tuƙa Adaidaita Sahu.

Ba na musun cewa kuɗi na ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke lashe kaso mai tsoka na albashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Sai dai na daɗe ina shugabantar leburori a wani kamfanin roba, kuma yawancin waɗanda suka tafi a gabana, ba ranar biyan albashi zuciyarsu ta fita daga aikin ba. Ranar da manaja ya ci mutuncinsu gaban ƙannen bayansu ce, ko ranar da aka zabtare musu kuɗin kwana biyu don sun je ƙauye jana'izar mahaifi.

Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana shida da cikakken biya, ta kuma ba shi har kwana 12 a shekara na jinya idan likita ya shaida. Je ka tambayi ma'aikatan wucin gadi, waɗanda wasunsu sun shekara biyar ana ce musu na wucin gadi, ko sun taɓa jin wannan. Mutum zai haɗiye Panadol ya tsaya gaban inji da zazzaɓi a jikinsa, domin ya san in ya kwanta, gobe wani ne a gurbinsa. Ta yaya za ka nemi irin wannan ya riƙe kayanka kamar nasa?

Sai batun hali, wanda manajoji da yawa ba sa ko kallo. Muna da wani yaro sarkin surutu da aka ɗora a injin da ke son natsuwa. Kaya suka yi ta lalacewa, aka ce a sallame shi. Na roƙa aka mayar da shi wajen lodi, inda ake fama da direbobi da dillalai. Bakin nan nasa da ya kusa cinye shi, shi ke kashe rigima a bakin ƙofa yanzu. Akwai kuma masu shiru-shiru, waɗanda kunnensu kan ji ƙarar inji ta sauya kafin makaniki ya gane. Su na fi jin tsoron rasawa, don ba sa kai ƙara. Wata safiya kawai za ka nemi mutum ka rasa.

Abin da nake roƙon iyayen gidanmu ba mai tsada ba ne. A gyara lokutan shiga da tashi a watan azumi, a ajiye ruwan sanyi a ɗakin inji lokacin zafin Afrilu, a ba da safar hannu da takunkumi ba sai an yi roƙo ba. In kuma za a yi wa magidanci faɗa, a kira shi ofis a rufe ƙofa.

Wassalam.

Naka,
Wani shugaban leburori,
Sharada, Kano.