Amsa Ga Malam Liman Kan Yin Sulhu Idan An Yi Wa Yara Fyaɗe a Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da almajirai, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini a gaban jama'a a taron iyaye da malaman Islamiyya na Agege, wadda lokacin sallah ya hana ni amsawa yadda ya kamata. Ka ce idan aka yi wa yarinya fyaɗe a cikinmu, me zai hana a kashe wutar a zauren sarki ko a masallaci, a rufa mata asiri, maimakon a kai ta kotun da ba a jin harshenmu, inda za a shekara ana ɗage zama, alhali mu baƙi ne a garin nan. Da yawa daga cikin iyayen da ke wurin sun gyaɗa kai, don haka na ga ya dace amsar ma ta fito fili kamar yadda tambayar ta fito.

Amsata, cikin ladabi, ita ce ba na goyon bayan sulhu a wannan magana, kuma dokar jihar nan ba ta bar mana wannan zaɓi ba. Dokar Laifuka ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 2011 aka kuma sake tsara ta a 2015, ta ce a sashe na 137 duk wanda ya sadu da yaro ko yarinya hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. Yaro a idon wannan doka shi ne wanda bai cika shekara 18 ba, kuma cewa yarinya ta yarda, ko ita ta kawo kanta ɗakin, ko tallan da take yi ne ya kai ta, ba ya wanke kowa. Sashe na 260 ya ɗora irin wannan hukunci a kan fyaɗe ga babbar mace, sashe na 261 kuma ya haɗa da duk wani kutse da aka yi wa jikin mutum ba da yardarsa ba, mace ce ko namiji, wanda ke nufin yaranmu maza da ake lalatawa a shaguna da kangaye, waɗanda muka fi jin nauyin ambata, su ma doka ta san da su. Babu inda aka tambayi asalin wanda aka zalunta ko garin da aka haifi ubanta. Yarinyar da ke zaune a Idi-Araba ko Mile 12 ko Obalende tana da kariya iri ɗaya da ta Ikoyi. Kada kuma wani ya ce wannan tsanani na mutanen Kudu ne, domin a 2020 Jihar Kaduna ta yi dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

A tsarin shari'ar ƙasar nan, babban laifi irin wannan gwamnati aka yi wa, ba uban yarinya kaɗai ba, shi ya sa uba ba shi da ikon yafe shi ko janye shi, kuma wanda kundin tsarin mulki ya ba ikon dakatar da shari'ar laifi a jiha shi ne Antoni Janar. Karɓar kuɗi ko wata alfarma domin a ɓoye babban laifi shi ma laifi ne mai zaman kansa. Ina faɗin haka ne domin dattawanmu da ke zama a irin wannan sulhu da kyakkyawar niyya su san inda suke sa ƙafa.

Malam, ka fi ni sanin yadda zaman yake kasancewa. Ana kiran uban yarinya bayan sallar isha'i, a zaunar da shi a tsakiyar mutanen da yake jin kunyarsu, wataƙila har da maigidan da ya ba shi rumfa a kasuwa ko babur ɗin da yake ci da iyali. Ana tuna masa cewa Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, kuma a baƙon gari ba a tona wa juna asiri. Wani daga dangin mai laifi ya zaro kuɗi a baƙar leda, a ce na magani ne. Uba ya sunkuyar da kai ya ce ya bar wa Allah, a shafa fatiha, kafin gari ya waye an sa mutumin a motar shanu ko ta tumatir mai komawa Arewa, ko kuma ya koma wata unguwa a nan cikin Legas inda ba a san shi ba. Uwar yarinya ba ta wurin, ita kanta yarinyar ba wanda ya tambaye ta komai. Da aka tashi, wanda aka rufa wa asiri shi ne mai laifin, domin yarinya dai duk layin sun riga sun ji, matan gida suna nuna ta da baki, shi kuwa ya sauka a inda akwai wasu yaran da iyayensu ba su da labarinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwanakin da ake ɓatawa kafin a kai ga wannan zama. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe dole ne a fara shan sa cikin awa 72, kwana uku ke nan, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ma kwanakinsa ba su wuce biyar ba. Amma abin da uwa ke fara yi, saboda tausayi da ruɗewa, shi ne ta dafa ruwa da bagaruwa ta gasa 'yarta, ta wanke zanen da wandon tas, ko ta ƙone su don kada ta sake ganinsu. Ba na ganin laifinta, domin abin da ta gada ke nan kuma ba wanda ya taɓa gaya mata wani abu daban. Sai dai da wannan ruwan zafin ake wanke shaidar da likita zai dogara da ita, kuma kafin maza su gama shawarar wanda za a aika wa sarki, kwana ukun sun wuce. Akwai Cibiyar Mirabel a cikin asibitin koyarwa na jami'ar jiha da ke Ikeja, wadda aka buɗe a 2013 kuma ita ce irinta ta farko a Nijeriya, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe, a ba su magani, a kwantar musu da hankali, a rubuta rahoton likita, duk kyauta. Akwai kuma cibiyar WARIF a Yaba mai irin wannan aiki. Daga Agege zuwa Ikeja ba tafiyar da za ta gagari kowa ba ce, ko da kuwa da cunkoso.

Rahoton likita yana da nauyi na musamman idan yarinyar ƙarama ce. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 209, ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ne ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a ɗaure mutum da irin wannan shaida ita kaɗai sai an sami wata hujja da ta ƙarfafa ta. Saboda haka duk iyalin da suka tsaya sulhu na mako biyu, sulhun ya watse, sannan suka nufi caji ofis, sun isa da hannu kusan wofi, kuma idan alƙali ya sallami wanda ake tuhuma sai mu ce kotun Legas ba ta yi wa Bahaushe adalci.

Game da addini, kai ne malami, ni ɗaliba ce, kuma ba zan yi maka karatu ba. Abin da na koya a gabanku shi ne suturta Musulmi yana kan zunubin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, ba kan zaluncin da ya yi wa wani bawan Allah mai rauni ba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zalunci. A mazhabarmu ta Malikiyya wadda aka tilasta ba ta da laifi ko kaɗan, hukunci yana kan wanda ya tilasta ta, har da biyan ta sadakin irinta. Ban taɓa jin inda malamai suka ce a sallame shi da fatiha da kuɗin mota ba. Shawarar da wasu ke kawowa ta a aura masa yarinyar kuwa, ita ce mafi muni a cikin duka, domin an ɗauki wadda aka cuta an damƙa ta ga wanda ya cuce ta har abada, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta Jihar Legas ta 2007 ba ta amince da auren wanda bai kai shekara 18 ba, balle a ce ɗaurin auren ya goge laifin da ya gabace shi.

Damuwarka game da kotu gaskiya ce, kuma ba zan rage mata komai ba. Bayan 'yan sanda sun gama bincike, ana kai wanda ake zargi gaban majistare a tsare shi, a aika fayil ofishin daraktan gabatar da ƙararraki a ma'aikatar shari'a da ke Alausa domin shawara, sannan a shigar da ƙara a babbar kotu, kuma kowane mataki yana iya cin watanni. Na raka iyayen da aka nemi su kawo kuɗin mai ko na takarda a wani caji ofis, abin da doka ba ta ɗora musu ba. Na kuma ga uwa zaune a kan benci a barandar kotu tun safe, goyo a baya, ba ta jin Turanci ba ta jin Yarbanci, har aka kira shari'ar 'yarta aka ɗage ba ta sani ba. Wannan abin kunya ne ga tsarin, kuma ya kamata mu riƙa faɗa da babbar murya. Amma abubuwa sun motsa. Tun 2018 akwai kotu ta musamman a Ikeja da ke sauraren laifukan fyaɗe da cin zarafi a cikin gida, kuma ta yanke wa mutane da dama ɗaurin rai da rai. Tawagar da gwamnati ta kafa a 2014 domin wannan matsala ta zama cikakkiyar hukuma a 2021, lokacin da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar da ta kafa DSVA, wato hukumar yaƙi da fyaɗe da cin zarafi a cikin gida, kuma tana da lambar kira kyauta, 08000 333 333, tana bin fayil, tana haɗa mutane da likita da lauya da mafaka. Kotu tana da ikon fitar da 'yan kallo idan yaro zai ba da shaida, ana hana bayyana sunansa, kuma ana samar da tafinta ga wanda ba ya jin Turanci idan an nema. A abin da na gani da idona, shari'o'in mutanenmu sun fi mutuwa ne saboda shaidu sun daina zuwa, ko an matsa wa uba ya mayar da yarinya ƙauye, ba don alƙali ya ƙi mu ba.

Kai wa hukuma yana kare wanda ake zargi shi ma. Kundin tsarin mulki ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, kuma mun san akan yi ƙazafi saboda gaba ko bashi. Bincike da gwajin likita su ne ke wanke wanda aka yi wa sharri, ba taron matasa da sanduna a bakin kasuwa ba, wanda shi ma ina roƙon a tsawatar a kansa.

Maganar ba ta tsaya kan yara ba. Dokar Kariya Daga Cin Zarafi a Cikin Gida ta 2007 ta ba matar da ake duka, ko 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye ake azabtarwa, damar samun umarnin kotu da zai hana mai cutar da ita kusantarta, kuma wani na iya nema a madadinta. Tun 2014, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, jihar ta buɗe rajistar waɗanda kotu ta kama da laifin lalata, ta kuma wajabta wa ma'aikatanta masu hulɗa da yara, irin su malaman makaranta da jami'an walwala, su kai rahoton duk abin da suka gani ko suka yi zargi, sannan NAPTIP, hukumar tarayya mai yaƙi da fataucin mutane, ta buɗe rajista ta ƙasa baki ɗaya a 2019. Amfanin rajista shi ne kada wanda ya lalata yaro a nan ya je wani gari a ba shi aji ko gadin makaranta, kuma sunan wanda aka yi wa sulhu ba ya taɓa shiga cikinta.

Ba ina cewa sarakunanmu da limamanmu su janye hannu ba ne, domin babu wanda talakan Bahaushe a Legas yake jin maganarsa kamar ku. Ina roƙon a juya wannan ƙarfin ne zuwa inda zai amfani yarinya. Ina roƙon ka faɗa a huɗuba, da Hausar da kowa zai gane, cewa idan abu ya faru asibiti ake fara zuwa a ranar, ba a yi wa yaro wanka ba, a kuma tafi da tufafin da ke jikinsa yadda suke. Ina roƙon kowane masallacin Juma'a ya ware mata biyu masu hankali da riƙon sirri waɗanda uwa za ta iya buga wa ƙofa da tsakar dare, da namiji ɗaya mai jin Turanci da zai raka uba caji ofis da kotu a duk ranar zama. Kuɗin da ake tarawa a ba uba don ya yi shiru, a tara shi domin motar zuwa Ikeja da abincin ranar da bai fita nema ba. Idan dangin wanda ake zargi suka fara zarya gidan yarinya da roƙo ko barazana, sarki ya kira su ya gaya musu cewa tsoratar da shaida laifi ne, kuma unguwa tana bayan iyalin nan.

Idan ka amince, zan zo ranar da ka ga ta dace in zauna da matan Islamiyya in yi musu wannan bayani dalla-dalla, in kuma kawo lambobin da adireshin cibiyoyin a rubuce da boko da ajami domin a manna a ƙofar masallaci da makaranta.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
'Yarka kuma ɗalibarka, lauya mazauniyar Agege, Legas.